Ƙashin da Ya Ƙi Haɗewa: Dashe, Ƙarfen Ja, ko Ƙwallaye Masu Narkewa?

Ƙanena ya yi wata 11 ƙafarsa ta dama ba ta taka ƙasa ba. Mota ce ta kwashe shi yana kan babur a titin Zariya, ƙashin ƙwauri ya karye har ya fasa fata ya leƙo waje. Kafin labari ya iso ni, dangi sun kai shi wurin mai ɗori, an jera kara an ɗaure tamau. Sati 3 ana shafe-shafe, sai wari ya fara cika ɗakin. Da muka kai shi asibiti aka buɗe, aka wanke, aka yanke abin da ya mutu. Ranar da likita ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna mana, fari a sama, fari a ƙasa, tsakiya baƙi wuluk, faɗin yatsu uku. Ya ce giɓin santimita 5 ne, kuma ba zai cike da kansa ba.

Da daddare ƙanen nawa ya miƙo mini wayarsa. "Yaya, na ga wai Turawa sun yi wani gari da ake zubawa a karaya ƙashi ya tsiro. Don Allah a bincika mana, ko gonar gado ce a sayar."

Haɗa magunguna na karanta, don haka na bincika ɗin da gaske. Wanda ke zaune yau a bencin Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano da irin wannan hoton a leda, ga abin da na so a ce wani ya shimfiɗa mini a lokacin.

Ma'aunin da za a ɗora kowace hanya

Ƙashi gini ne, kuma gini yana son abu uku: magina, wato rayayyun ƙwayoyin halitta masu ƙera ƙashi, umarni, wato furotin ɗin da ke kiran maginan ya ce su fara, da kuma abin da za su taka su ɗora aiki a kai. Sai sharaɗi biyu da ke kewaye da ukun: wurin kada ya yi motsi, kuma jini ya riƙa isa. Duk hanyar da aka kawo maka, ka fara tambaya: nawa daga cikin waɗannan take bayarwa?

Bayan haka sai ma'aunin gida. Kuɗi, kuma ba kuɗin tiyata kaɗai ba. A lissafa gado, maganin kashe ƙwayoyin cuta, hotuna, adaidaita sahu zuwa da dawowa, da watannin da rumfa za ta zauna a rufe a Kwari ko Singa. Ƙarko: ƙashin da za a samu zai ɗauki nauyin mutum yana sujada yana tashi har tsufa? Sauƙi: ana yi a Kano, kuma mara lafiya zai iya jure abin da ake bukata daga gare shi? Haɗari. Sai na biyar wanda takardun Turawa ba su cika kulawa da shi ba amma Hajiyarmu da shi ta fara: daga jikin me aka samo abin?

Akwai tambayar da ta sha gaban duk waɗannan: akwai ruɓa a wurin ko babu? In mugunya na fita, duk abin da aka zuba, mai araha da mai tsada, abincin ƙwayoyin cuta ne. Masu sikila da masu ciwon suga su riƙe wannan sosai. Mai shan taba kuma ya sani sigari na matse ƙananan jijiyoyin jini, yana jinkirta haɗewar ƙashi ko wace hanya aka bi.

Ƙashin jikinka

Likita ya ɗan yanka saman ƙashin ƙugu, ya kwarfo ƙashi mai laushi mai kama da soso, ya cusa a giɓin. Shi kaɗai ne ke zuwa da abu ukun nan gaba ɗaya: magina a raye, umarni, da matakin. Jiki ba ya ƙin sa, ba ya kawo cutar wani, babu tambayar halal ko haram. Ba a sayen sa, kuɗin aikin kawai za a biya, kuma duk likitan ƙashi ya iya. In ya kama, ya zama ƙashinka na har abada. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma har gobe da wannan ake auna duk wani sabon abu da kamfani ya fito da shi.

Aibinsa biyu. Rauni ne na biyu a jiki. Wasu kan yi watanni ƙugun na damunsu, wasu gefen cinya ya yi sanyi kamar ba nasu ba saboda an taɓa jijiya. Kuma ƙugu ba rijiya ba ne, abin da za a ɗiba ƙayyadadde ne. A giɓi mai faɗi, kamar wanda ya kai santimita 5 ko 6, in aka zuba shi haka kawai tsakiyar ba ta samun jini da wuri, jiki ya tsotse shi.

Ƙashin wani, da na masana'anta

Ƙashin mamaci ko wanda aka cire wa wani lokacin canjin ƙugu ana tace shi a adana a bankin ƙashi. Mataki ne kawai, maginan sun mutu. Bankunan nan ba su yawaita a ƙasar nan ba, kuma iyali da yawa za su so su ji ta bakin malami tukuna. Akwai na saniya da aka gasa, likitocin haƙori sun fi amfani da shi.

Na masana'anta gishirin kalsiyam ne iri-iri, suna zuwa kamar tsakuwa ko ƙulli. Bambancinsu a saurin narkewa yake. Kalsiyam salfet, wanda ɗan'uwan farar hodar filasta ne, yakan ɓace cikin sati 6 zuwa 12, wani lokaci kafin ƙashi ya maye gurbinsa, kuma yakan sa rauni tsatsafar ruwa. Amfaninsa babba shi ne ana cakuɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kalsiyam fosfet yakan ɗauki watanni zuwa fiye da shekara. Haidiroksi-afatait, wanda shi ne ma'adanin ƙashinmu, yakan yi shekaru yana nan. Duk daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Suna da kyau a ƙaramin rami mai bango, ko a ƙara auki in ƙashin ƙugu bai isa ba. Su kaɗai a babban giɓi, tubali ne aka jibge babu magini.

Furotin a cikin soso

A 1965 wani likitan ƙashi a Amurka, Marshall Urist, ya cire ma'adani daga ƙashi ya dasa ragowar a cikin tsokar dabba, sai ga sabon ƙashi ya fito a inda ƙashi bai taɓa zama ba. Abin da ya jawo hakan shi ne furotin ɗin da ake kira BMP. A 1988 aka gano ƙwayar gadonsa, aka fara ƙera shi. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani nau'insa, BMP-2, a jiƙe cikin soson kolajin (furotin ɗin da ke cikin fata da jijiya), mai suna Infuse, a 2002 don haɗe ƙashin gadon baya, a 2004 don buɗaɗɗiyar karayar ƙwauri, a 2007 don ƙashin muƙamuƙi. Gwajin ƙwaurin an yi shi a kan mutum 450, kuma waɗanda aka sa wa cikakken ƙarfin maganin sun fi sauran tsira daga sake komawa tiyata.

Yana aiki, babu musu. Matsalar ita ce furotin ɗin ba ya zama. In ya shiga jini, cikin mintuna ya tafi, kuma soson kan saki kaso mai yawa a kwanakin farko. Don a rage asara sai aka ƙara yawa: miligiram 12 ake sa wa ƙwauri ɗaya, alhali kilo guda na ƙashin mutum 'yan maikirogiram ne a cikinsa. Ninki dubbai ke nan. Daga nan illolin suka fito: kumburi mai tsanani, ƙashi ya tsiro a inda ba a so ya danne jijiya, wani lokaci ma ya fara cinye ƙashin da ke kusa. A 2008 FDA ta yi gargaɗi kan masu sa shi a wuya, domin kumburin na iya toshe numfashi. Ba a sa wa mai ciki, ko yaron da bai gama girma ba, ko mai ciwon daji, ko inda akwai ruɓa. Kolajin ɗin na saniya ne. Kuɗinsa a Amurka dubban daloli ne, shi kaɗai, kafin a taɓa wuƙa.

Ƙwallaye masu narkewa

To ga garin da ƙanena ya gani a waya. Duk manomin da ya watsa taki ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya ya wanke shi ya san matsalar soson nan. Masu bincike sai suka ce: me zai hana a kulle furotin ɗin cikin 'yan mitsi-mitsin ƙwallaye, waɗanda za su riƙa narkewa a hankali suna sakin sa kaɗan-kaɗan, kamar yadda randar ƙasa ke tsatsafo da ruwa? Girman kowace ƙwallo daga maikiron 1 ne zuwa 'yan ɗaruruwa. Kaurin silin gashi kusan maikiron 70 ne. A ido, gari ne kamar na tuwo.

An fi yin su da wata roba mai suna PLGA. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu: danginta ne zaren ɗinkin da ake yi wa mai jego a ce ba sai ta dawo cirewa ba. Ruwan jiki ne ke karya ta ta koma asid iri biyu da jiki ya san yadda zai fitar. Abin sha'awa shi ne ana iya saita ta. In aka haɗa sinadarai biyun da ake yin ta da su rabi da rabi, takan narke cikin wata 1 zuwa 2; in aka ƙara ɗaya a kan ɗaya, ta daɗe. Ana kuma yin ƙwallayen da jalatin na fata da ƙashin dabba, da kaitosan na ɓawon jatan lande, da aljinet na ciyawar teku, da kalsiyam fosfet.

Me ya sa saitin ke da muhimmanci? Domin jiki ba ya ba da umarni lokaci guda. Satin farko kumburi ne da share wuri, sai sababbin jijiyoyin jini, sai guringuntsi mai laushi, sai ya taurare ya zama ƙashi cikin watanni. Burin shi ne a sa ƙwallaye iri biyu: masu saurin narkewa su saki furotin mai kiran jijiyoyin jini, VEGF, masu jinkiri su biyo da BMP-2. A 2008 masu bincike a Jami'ar Rice ta Amurka sun gwada haka da ƙwallayen jalatin a ramin milimita 8 a ƙoƙon kan ɓera. A sati 4 haɗin biyun ya fi yin ƙashi. A sati 12 kuwa BMP-2 shi kaɗai ya kamo shi. Ka lura da ma'aunin: milimita 8, a kan ɓera, ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi. Namu santimita 5 ne a ƙwaurin magidanci.

Dabarar kanta ba mafarki ba ce. Allurar Lupron Depot ta ƙwallayen PLGA tana kasuwa tun 1989, akwai Arestin da ake zuba wa dasashi tun 2001, da Zilretta ta ciwon gwiwa tun 2017. Amma waɗannan ƙananan sinadarai ne masu juriya. Furotin babba ne, a naɗe yake kamar rawani, in ya warware ya tashi aiki. Wajen ƙera ƙwallayen ana kaɗa shi cikin sinadari mai ƙarfi, wani ya lalace tun a nan. Wanda ya maƙale a bayan ƙwallo yakan zube gaba ɗaya a ranar farko. Wanda ke ciki kuma, yayin da robar ke narkewa tsami na taruwa ya dafa shi, tsamin kuma ya fusata naman da ke kewaye. Hasken da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a kayan tiyata yana lalata robar da furotin ɗin duka, dole a ƙera komai a tsarkakken ɗaki mai tsada. An taɓa sa furotin ɗin girma a irin wannan ƙwallo, Nutropin Depot, aka amince da shi a 1999, kamfanin ya daina yi a 2004 saboda ɗawainiyar ƙera shi.

Sai namu na gida. PLGA na fara laushi da zarar zafi ya haura digiri 40 da wani abu, ƙwallayen su manne da juna. Wanda ya san watan Afrilu a Kano, ya san halin wuta, ya san abin da hakan ke nufi ga kwalbar da ta kwana a but ɗin mota. Jalatin kuma wani na fatar alade ne, wani na saniya, wani na kifi, dole a tambaya.

Ga inda maganar ta tsaya: har yanzu FDA ba ta amince da wani garin PLGA mai ɗauke da furotin don haɗa karayar mutum ba. Mafi kusa shi ne Augment, tsakuwar kalsiyam fosfet da ake jiƙawa da wani furotin mai kiran ƙwayoyin gyara, PDGF, wanda aka amince da shi a 2015, shi ma don haɗe gaɓar idon sawu da diddige kawai. Ina fatan ganin ranar da ƙwallayen nan za su iso, domin za su rage yawan magani, su rage illa, ƙila su rage kuɗi. Amma ko sun iso, umarni kawai suke bayarwa. Ba sa riƙe ƙashi, ba sa kashe ruɓa. Duk wanda ya nuna maka kwalba yau, a Facebook ko a kasuwar magani, ya ce wannan ce, kada ka ba shi sisi.

Ƙarfen ja

Gavriil Ilizarov, likita a garin Kurgan na Rasha, shi ya kafa wannan a shekarun 1950. Ana kafa zobba ko doguwar sanda a wajen ƙafa da ƙusoshi masu ratsa ƙashi, a yanke lafiyayyen ƙashi a wani wuri, a jira kamar sati guda, sai a fara jawo guntun zuwa giɓin, milimita 1 a rana, a raba shi sau 4. Bayan guntun sai sabon ƙashi ya riƙa cike sawunsa. Ƙashin da ake samu na gaske ne, da kaurinsa da ƙarfinsa. Yana gyara gajarta da karkata, yana jure wurin da ya taɓa ruɓa, kuma ana iya taka ƙafar da shi. Manyan asibitocin ƙashi a Najeriya suna yi.

Farashinsa haƙuri ne. A ƙiyasta wata 1 zuwa 2 da ƙarfe a jiki ga kowace santimita. Na ga wani dattijo a layin ganin likita, an farke masa ƙafar wando an sa maɓallai, yana riƙe da ƙaramin sifana da littafin makaranta inda jikansa ke yi masa maki duk juyi. Bakin ƙusoshin kan yi ruwa, dole a goge su kullum. Gwiwa da idon sawu kan sandare in ba a motsa su. Wanda ke nesa da gari, ko ba shi da mai kula da shi, ya yi tunani sosai.

Siminti da riga

Likitan Faransa Alain Masquelet ya fara wannan a 1986. Tiyata biyu ce. A ta farko a share ruɓa, a kafa ƙarfe, a cike giɓin da simintin ƙashi, galibi haɗe da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Jiki na ganin baƙo sai ya saƙa masa riga mai yawan jijiyoyin jini. Bayan sati 6 zuwa 8 a tsaga rigar a hankali, a fitar da simintin, a cika ta da ƙashin ƙugu, a ɗinke. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da aka bincika rigar sai aka tarar tana fitar da VEGF da BMP-2 da kanta, a hankali, daidai gwargwado. Abin da ake wahalar ƙerawa a ɗakin bincike, jiki na yin irinsa in an ba shi dalili. Rigar kuma na hana a tsotse dashen. Haɗarinsa: in ruɓa ta saura, komai ya rushe, kuma babban giɓi na cin ƙashin ƙugu da yawa, wani lokaci ɓangare biyu.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi a Kano | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ƙashin jiki | Mafi sauƙi | Na dindindin in ya kama | Ana yi ko'ina ake tiyatar ƙashi | Ciwon ƙugu, ƙarancin abin ɗiba |
| Na banki ko masana'anta | Matsakaici zuwa sama | Ya danganta da iri | Sai an yi oda | Ƙin haɗewa, tsatsafar ruwa |
| BMP-2 a soso | Dubban daloli | Mai kyau inda ya dace | Da wuya | Kumburi, ƙashi a inda ba a so |
| Ƙwallaye masu narkewa | Ba su kasuwa | An fi gwadawa a dabbobi | Babu | Jabu, zubewar magani lokaci guda |
| Ƙarfen ja | Sama, a hankali ake kashewa | Mai ƙarfi sosai | Sai babban asibiti | Ruwa a bakin ƙusa, sandarewar gaɓa |
| Siminti da riga | Kuɗin tiyata biyu | Mai kyau, yana ƙara ƙarfi a hankali | Sai babban asibiti | Dawowar ruɓa |

Wa ya dace da me

Karayar da ta ƙi haɗewa amma babu giɓi sosai, babu ruɓa: wani lokaci gyara ƙarfen kawai ake bukata domin motsi ne ya hana ta, in kuma bakin ƙashin ya bushe a ƙara da na ƙugu. Ƙaramin rami kusa da gaɓa, ko wanda aka kwashe ƙari mara illa daga ciki: na masana'anta ya wadatar, ko a gauraya da na jiki. Ƙafar da ta gajarce ko ta karkace, ko giɓi mai tsawo ga mutum mai juriya da mataimaki a gida: ƙarfen ja. Wanda aka riga aka ɗebi ƙugunsa aka rasa abin ɗiba, babu ruɓa, kuma yana da hali: ya tattauna BMP-2 da likitansa, ya tabbatar ta hannun asibiti aka shigo da shi. Ɗalibin haɗa magunguna ko injiniyan sinadarai a Jami'ar Bayero da ke neman abin bincike: ƙwallayen nan naka ne, musamman tambayar yadda za su jure zafinmu.

Giɓi matsakaici bayan ruɓa, ga wanda ba zai iya zama da ƙarfe a waje na watanni ba: siminti da riga. Nan namu ya faɗa. Ƙanena tela ne, da ƙafar yake taka keke, ya ce wa likita, "Ranka ya daɗe, gara a yanka ni sau biyu da in yi wata 8 ina juya ƙusa." An yi ta farko, muka jira sati 7 ana auna jini har alamun ruɓa suka sauka, aka yi ta biyu. Gonar ba a sayar ba, raguna biyu da gudummawar 'yan'uwa suka ɗauki nauyin. Ƙugun ya dame shi kusan wata 3, ya fi ƙorafi a kansa fiye da ƙafar. A hoton wata na 6, baƙin wurin nan ya yi fari-fari kamar hazo, likita ya ce ya ajiye sanda ɗaya ya riƙe ɗaya.